Tafiya da Keke Mai Batir a Jirgin Sama da Jirgin Ruwa: Ka Auna Kafin Ka Biya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura shekara 70, ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya a ƙasa, amma yana miƙewa ya ɗan taka a cikin gida. Yana da keken nan mai batir, mai kai irin na babur. Ni da ƙannena muna son kai shi hutu: daga Kano zuwa Abuja, mu bi ta Istanbul mu sauka Barsalona, daga can mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa na mako guda a tekun Bahar Rum. Za a bar mu mu tafi da keken? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ku kuma Allah ya ba ku masu yi muku.

Za a bar ku, kuma manyan kamfanonin jiragen sama ba sa lissafa keken mai lalura cikin kilon kayan fasinja, kyauta suke ɗaukarsa. Amma ɗan'uwa, kada ka biya kuɗin tikiti ko na ɗakin jirgin ruwa tukuna. Ka ari tef ɗin awo wurin tela, ka je gaban keken da biro da takarda. Ka rubuta faɗinsa daga bakin taya zuwa bakin taya, da tsawonsa, da tsayinsa bayan an cire kujera an kwantar da kan, da nauyinsa, sannan ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin batirin. Shirya tafiyar fasinjoji masu lalura shi ne aikina, kuma kusan duk cacar bakin da nake gani a gaban kanta daga waɗannan lambobi take tasowa. Ma'aikacin da ya ce keke ba zai shiga ba, galibi wata lamba ce ba ta yi daidai da abin da ke gabansa a kwamfuta ba, ko kuma tun farko ba wanda ya aiko masa da ita.

Batir ya fi komai jawo magana, don haka zan daɗe a kansa. Ƙa'idar da kamfanoni ke bi ta fito ne daga hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA, kuma a wurinsu batir yana cikin kaya masu haɗari. Sun kasa na kekuna gida uku, duk wanda ya taɓa haɗa sola a gida ya san su: mai ruwa da ake buɗe wa murfi ana ƙara masa ruwan batir, da rufaffe wanda ba ya yoyo, za ka ga an rubuta GEL ko AGM a jikinsa, sai litiyam, mara nauyi mai tsada. Mai ruwan ka cire shi daga lissafi. Kamfanoni da dama ba sa karɓarsa sam, masu karɓa kuma sharuɗɗansu sai sun gajiyar da kai, da wuya ma ka same shi a keken zamani. Rufaffen shi ne mai sauƙin sha'ani. Ana barinsa a jikin keken a loda su tare, in dai a ɗaure yake da kyau, kawunansa a rufe, kuma an zare makulli ko filogi yadda keken ba zai tashi da kansa a cikin jirgi ba. Illarsa ɗaya, nauyi.

Litiyam kuwa sai da lissafi. Da Wh ake auna ƙarfinsa. In ba a rubuta ba, ka ninka lambar V da lambar Ah. Batirin da aka rubuta wa 24V da 12Ah, Wh 288 ke nan. Mai 24V da 20Ah kuwa 480 ne. Tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya da fasa tafiya, saboda iyakar da aka sa wa batirin da ake cirewa daga jikin keke ita ce Wh 300. Yawancin kekuna masu naɗewa da hannu ɗaya ake zare batirinsu. Irin wannan cire shi za a yi, a liƙe kawunansa da salatif, a saka shi a jaka mai soso, ka shiga da shi cikin jirgi a hannunka. Ba a yarda ya bi akwatuna zuwa ƙasan jirgi ba. In keken mai batir biyu ne, kamfanoni da yawa suna cewa kowanne kada ya wuce 160. Na ko-ta-kwana ma an yarda da shi: guda ɗaya da bai wuce 300 ba, ko biyu da kowannensu bai wuce 160 ba, su ma a hannu. Idan kuwa batirin a kulle yake a cikin jikin keken, masu ƙerawa sun yi masa gida mai kariya, ƙa'idar IATA ta yarda a bar shi a ciki ko da ya haura 300. Sai dai a nan ne kamfanoni ke shan bamban, don kowanne yana da ikon tsaurara tasa dokar, kuma "ai wancan kamfanin ya bar mu bara" ba hujja ba ce a wurin wannan. Masu kai iyayensu Umara ma wannan lissafin ne a kansu, babu ragi.

Kada ka ɗauki wannan ƙa'ida tsanani. Litiyam in ya sami rauni, ko kawunansa suka haɗu da ƙarfe, zafi yake yi yana ƙara zafi har ya kama da wuta, wutar da ko an kashe ta tana iya sake tashi. Ranar 3 ga Satumba, 2010, wani jirgin dakon kaya na UPS ƙirar Boeing 747 ya faɗi a Dubai bayan gobara ta tashi a cikin kayan da ya ɗauko, waɗanda akwai ɗimbin batiran litiyam a cikinsu, matuƙansa biyu suka rasu. Batirin da ke kusa da ƙafarka in ya fara hayaƙi ma'aikata za su gani su yi maganinsa. Wanda ke ƙarƙashin tarin akwatuna ba mai kai masa hannu. Shi ya sa ma dole a sanar da kyaftin inda batirin yake kafin a tashi.

Ga inda mutanenmu suka fi faɗawa. Keken na hannu aka sayo, ko batirin asali ya mutu, mai gyara ya haɗa wani a kasuwa ya naɗe shi da baƙin salatif, ba suna ba lamba. Yana aiki lafiya lau a gida, har ma ya fi na da daɗewa. Amma a filin jirgi batirin da ba a iya karanta ƙarfinsa a jikinsa ba ya shiga, ko wa ka sani. In haka naku yake, ku sayi na asali tun yanzu. Ka kuma nemo littafin keken da takardar masana'anta da ke nuna batirin ya ci gwajin da ake kira UN 38.3. In sun ɓata, ka duba shafin intanet na kamfanin da ya ƙera keken ko ka rubuta musu. Ka buga su a takarda, don waya tana mutuwa a daidai lokacin da ake neman ta.

Za ka ji ana cewa a sanar da kamfani awa 48 kafin tashi. Wannan ƙarshen wa'adi ne. Ni ranar da aka kama kujera nake aikawa, tun kafin kuɗi ya fita. Kowane babban kamfani yana da sashen kula da masu buƙata ta musamman. Ka tura musu lambobin nan ta imel, ka jira amsa a rubuce cewa sun amince da keken a kowane jirgi da za ku hau, zuwa da dawowa. "Babu matsala, Alhaji" da ejan zai gaya maka a waya ba ta tsayawa a gaban kanta. Ka sa ya nuna maka cewa an shigar da haruffan da ma'aikata ke karantawa a bayanan tikitin: WCLB in litiyam ne, WCBD in rufaffe ne. Ka kuma duba wane ne zai tuƙa jirgin da gaske, domin wani lokaci tikitin na wannan kamfani ne, jirgin na abokin hulɗarsa, kuma maganar mai jirgi ake ji.

Akwai wasu haruffan da suka shafi Baba da kansa. WCHR na wanda doguwar tafiya ce kawai ba ya iyawa, amma yana hawa tsanin jirgi. WCHS na wanda ba ya iya hawa tsani amma zai taka daga ƙofa zuwa kujerarsa. WCHC na wanda sai an ɗauke shi har kujera. Kada ka tambayi Baba wanne za a sa, don ka san dattawanmu, cewa zai yi "me zai hana ni hawa?" Ka sa WCHS. Ba kowane jirgi ake jona wa gada ba, wani a can tsakiyar fili yake tsayawa a kawo fasinja da bas, sai ga tsani mai tsayi a rana, mutane a bayansa suna jira. Da WCHS ne za a tanadi motar nan mai ɗaga mutum har ƙofar jirgi, inda akwai ta, ko ƙarin ma'aikata inda babu.

Tsayin keken kuma ƙofar ma'ajiyar kaya ce alƙalinsa. Manyan jirage masu hanya biyu a ciki, irin su Airbus A330 da A350 da Boeing 777 da 787, ƙofarsu wadatacciya ce. Boeing 737, wanda ya cika sararin samaniyarmu, tsayin ƙofarsa bai kai santimita 90 ba, kamfanoni da yawa 84 suke rubutawa. A320 ya fi shi sarari, ƙananan jirage irin Embraer 145 da CRJ kuma su ma ƙofarsu ƙarama ce. Keken da bai shiga a tsaye ba kwantar da shi ake yi a gefe, a nan kuma ake karya su. Saboda haka zangon da ya fi ba ni tsoro a tafiyarku shi ne mafi gajarta, Kano zuwa Abuja. Tikiti daban ne, kamfani daban, amincewar kamfanin waje ba ta hau kansa ba, kuma ana iya sauya jirgi da ƙarami ranar tafiya. Ku nemi izininsu su ma a rubuce, ku sauka Abuja kwana guda kafin babbar tafiyar. Wasu iyalan keken suke turawa a mota tun da wuri tare da wani ɗan gida, dattijon ya biyo jirgi da keken turawa na filin jirgi, kuma dabara ce da nake yabawa. Gaskiya ne doka tana bayanku: an sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya kuma tana karɓar ƙorafin fasinja. Amma doka ba ta faɗaɗa ƙofar jirgi.

Ranar tafiya ku isa da wuri, awa huɗu bai yi yawa ba. A kanta ka roƙi a bar Baba ya tuƙa kekensa har ƙofar shiga jirgi, a kuma liƙa masa alamar a dawo da shi ƙofa in an sauka. Ba koyaushe ake yarda ba, amma duk lokacin da keken ya rage a hannun wasu riba ce. Kafin ka miƙa shi, ka zagaye shi da waya kana ɗaukar bidiyo a gaban ma'aikacin, ka kunna shi a ga yana tafiya. Sannan ka tuɓe duk abin da ke cirewa: kwando, kushin, madubi, makulli, caja. Ka kwantar da kan ka ɗaure shi da igiya, ka naɗe wurin maɓallan da soso. Akwai wata 'yar liba a baya kusa da taya da ke sa keken a firi. Masu loda kaya in ba su san da ita ba, jan sa za su yi da ƙarfi birki a kame, ko su cicciɓe shi ta kan ko ta murfin roba, su ne kuwa suka fi saurin tsagewa. Ka rubuta 'yar takarda da Turanci mai sauƙi da manyan baƙaƙe, ka sa ta a leda ka ɗaura a jikinsa: ga nauyinsa, ga libar firi, ga inda za a kama a ɗaga, an cire batir yana hannun fasinja. Ka yi wa libar alama da jan salatif. Mutumin da zai ɗaga shi yana aiki ne cikin ƙara da sauri, abin da idonsa ya gani nan take shi zai bi.

A cikin jirgi ku nemi kujerar bakin hanya kusa da banɗaki, mai hannun da ke ɗagawa. Ba za a ba shi layin ƙofar gaggawa ba, kada ma ku nema. Kafin a fara sauka ka tuna wa ma'aikata cewa akwai mai jiran keke. Ku ne na ƙarshen fita, kuma kada Baba ya tashi daga kujera sai keken turawa ya zo ƙofa. A Istanbul kada ka sa ran ganin kekenku, galibi wucewa yake yi kai tsaye zuwa jirgi na biyu, ma'aikatan filin ne za su ɗauke shi da nasu. Filin ƙato ne ƙwarai, ku bar aƙalla awa uku tsakanin jiragen biyu.

Lalacewa fa tana faruwa. A Amurka, inda doka ta tilasta wa kamfanoni su bayar da alƙaluma, sama da kekuna 11,000 aka lalata, ko aka ɓatar, ko aka makarar da su a 2023, wato fiye da ɗaya cikin kowane ɗari. A tafiyar ƙasa da ƙasa irin taku Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki, Najeriya da Turkiyya da Sifaniya duk suna cikinta, kuma tana lissafa keken a matsayin kaya kamar akwati. Iyakar diyyar tun ƙarshen Disambar 2024 ita ce SDR 1,519 (SDR wani ma'aunin kuɗi ne na ƙasa da ƙasa), kusan dala 2,000. In keken Baba ya fi haka tsada, ka tambayi kamfanin yadda ake bayyana darajar kaya ta musamman a kanta, ko ka sa shi cikin inshorar tafiya da sunansa da kuɗinsa. Da ya fito ka mayar da batir ka gwada shi a wurin. In ka ga matsala, kada ku fita daga zauren kaya sai an rubuta muku rahoton da ake kira PIR an ba ka kwafi. Bayan haka kana da kwana 7 ka aika ƙorafi a rubuce. Gajiya ce ke sa mutane cewa "mu je otal, gobe ma dawo", kuma a nan haƙƙinsu yake fara zubewa.

Da kun taka Barsalona kun shiga ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 1107/2006, wadda ta ɗora wa hukumar filin jirgi alhakin taimakon mai lalura kyauta, tun daga ƙofar jirgi har bakin mota. A Sifaniya hukumar Aena ce ke wannan aiki, da sunan Sin Barreras. Ku kwana a garin aƙalla dare ɗaya kafin ranar shiga jirgin ruwa. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, kuma in keke ya kwana a Istanbul, wannan kwana ɗayan ne zai cece ku. Tasi mai gangarar shigar da keke akwai shi, amma sai an kama tun da wuri.

Jirgin ruwan kansa ya fi na sama sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a can ne za ku ga amfanin keken. Manyan jiragen nan tsawonsu ya haura mita 300, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce sosai ga mai ciwon gwiwa. Tarkon yana bakin ƙofar ɗaki. A kamfanoni irin su Carnival da Royal Caribbean faɗin ƙofar ɗakin gama-gari inci 22 zuwa 23 ne, wato santimita 56 zuwa 58. Ɗakin masu lalura kuwa inci 32 ne ko fiye, kusan santimita 81. Kuma an hana ajiye keke a lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko a gaban lif, ko na dare ɗaya ne, don hanyar tsira ce in wani abu ya faru. A ɗakinku zai kwana, a ɗakinku za a yi masa caji. Keken da ya fi ƙofa faɗi da yatsa biyu ana iya hana shi shiga jirgin gaba ɗaya, wanda ya shiga da ƙyar kuma zai tare hanyar banɗaki tsakar dare. Wasu kamfanonin ma sharaɗi suke sa wa mai keken batir ya kama ɗakin masu lalura ko ɗaya daga cikin manyan ɗakuna. Ɗakunan nan kaɗan ne a kowane jirgi, suna ƙarewa watanni kafin tafiya, don haka shi za ka fara kamawa, sannan ka ɗora tikitin jirgin sama a kansa. Ko ba don keken ba ma ya dace da Baba: banɗakin ɗakin gama-gari yana da dandamali a bakin ƙofa, na masu lalura kuwa a shafe yake, da kujerar wanka da ƙarfen dafawa, abin da zai sauƙaƙa masa alwala. Ku tafi da 'yar buta, ba za ku samu a can ba.

Kamfanin jirgin ruwan shi ma yana da fom ɗinsa na masu buƙata ta musamman, zai tambayi lambobin nan dai da ka rubuta. Ka duba jikin caja, in ka ga 100-240V to za ta yi aiki ko'ina. Yawancin jiragen suna da soket irin na Amurka mai 110 da na Turai mai 220, filoginmu mai ƙafa uku kuwa sai da adafta, a jirgin da kuma otal ɗin Barsalona. Kada ka sa wayar jona wuta mai soket da yawa a akwati, kamfanoni da dama ƙwace ta suke yi tun a tasha. A ranar farko za a yi atisayen gaggawa, wanda aka ƙara tsaurara dokarsa bayan haɗarin jirgin ruwan Costa Concordia na 2012. Ka tabbata an rubuta sunan Baba cikin waɗanda za a zo ɗauka, don in ta ɓaci ba a amfani da lif.

Yanzu ga ra'ayina, tunda ka tambayi abin da ya kamata. In awon ya nuna keken ƙaramin mai naɗewa ne, batirinsa na asali ƙasa da Wh 300, ku tafi da shi, Baba ya saba da abinsa. In kuwa ƙaton nan ne mai manyan tayoyi da kujera kamar ta ofis, ku bar shi a Kano. Ku ɗauki keken turawa mai naɗewa, ku yi hayar mai batir na mako guda. Akwai kamfanoni irin su Scootaround da Special Needs at Sea da ke kai keke har ɗakin fasinja a manyan tashoshi su zo su ɗauka ranar sauka. Kuɗin haya bai kai ɓacin ran ganin an fito maka da keke a karye a ƙasar da ba ka san mai gyara ba.

Keken turawar nan ma ko da kun tafi da mai batir ina so ku riƙe shi, saboda tashoshi. Kafin ka zaɓi jirgi, ka karanta jerin garuruwan da zai tsaya ka ga waɗanne ne yake jingina da gaɓa, waɗanne ne yake tsayawa a cikin teku a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Santorini a Girka da Cannes a Faransa irin na biyun ne. Ƙaramin jirgin yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, fasinja kuma sai ya tsallaka da ƙafarsa. P&O da Cunard har gwaji suke yi, sai mutum ya nuna zai iya tsallake tazarar santimita 45 ba tare da an riƙe shi ba. Keken batir mai nauyi ba a cika yarda da shi a nan ba, kuma maganar kyaftin ce ta ƙarshe, in teku ya ɗan motsa sai ya hana. Santorini ma ko an tsallaka, garin a kan dutse yake, daga tsohuwar tasha sai dai motar igiya, ko jakuna, ko matakala sama da 500. Ku zaɓi zagayen yammacin Bahar Rum, wanda yawancin tashoshinsa jingina ake yi: Marseille, Genoa, Civitavecchia, Palermo, Valletta.

Jingina ma ba ta gama magana ba. Daga Civitavecchia zuwa birnin Rum kusan kilomita 80 ne, kuma motocin yawon da jirgi ke shiryawa ba duka ke ɗaukar keke ba, sai ka nemi wadda aka tanada tun kafin tafiya. In jirgin ƙasa za ku bi, Italiya tana da ofishin taimako a tashoshi mai suna Sala Blu, shi ma da sanarwa tun da wuri. Tsakiyar Rum da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka daɓe ta, ƙaramar tayar keken tafiya tana shan wuya a kansu, mai gwiwa kuma yana jin kowace girgiza, batir yana saurin zuƙewa. Valletta a Malta tana kan tudu, amma akwai lif ɗin Barrakka mai tsayin mita 58 da ke ɗaukar mutum daga bakin ruwa zuwa cikin gari. Wajen sauka daga jirgi, in gadar ta yi gangara sosai, Baba ya sauka a tura shi da na hannu, wani ya bi da mai batir a hankali. Kuma ba dole ba ne ya fita a kowane gari. Ranar da kowa ya watse cikin gari, jirgin yakan zama shiru, ba layi a lif, ba cunkoso a wurin abinci, dattawa da yawa ita suka fi so.

Maganar biza: in jirgin zai leƙa wata ƙasa a wajen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kamar Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro, sannan ya dawo, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai shiga da yawa. Inshorar da ake nema don bizar ta Yuro 30,000 ce mafi ƙaranci, amma ka karanta ko ta haɗa da jirgin ruwa da ciwon da Baba yake da shi tun da, don asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, mai tsada kuwa. Magungunansa su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, da takardar likita, musamman in akwai Tramadol ko kodin a ciki, don ƙasashe da dama suna sa musu ido. Likitan ya kuma ba shi shawara kan dogon zama a jirgi. Abincin halal a nema a rubuce tun wajen kama ɗaki, in babu, kifi da ganye ba sa yankewa.

A dawowa, kada ka kama jirgin safe a ranar da za ku sauka daga jirgin ruwa. Masu buƙatar taimako sai an zo an ɗauke su bi da bi, ga neman akwatuna a tasha, ga tasi, ga binciken batir daga farko a filin jirgin Barsalona, inda ma'aikacin bai san an taɓa amincewa da shi a Abuja ba sai ka nuna masa takarda. Ku nemi jirgin yamma ko na washegari, kuma kwana biyu kafin nan ka sake tuntuɓar kamfanin ka ji ko haruffan keken suna nan a tikitin dawowa, don sauyin lokacin tashi ko na jirgi yakan share su.